Barin Mazaɓu Yadda Suke Ba Zai Kare Karkara Ba: Martani

Malam, na karanta rubutunka a kan kiraye-kirayen da ake yi na a sake shata iyakokin mazaɓu a Jihar Kano, na kuma gane cewa kishin karkara ne ya sa ka ɗauki alƙalami. Matsayinka shi ne a bar mazaɓu yadda aka same su. Ka kawo dalilai huɗu. Na ɗaya, duk ranar da aka auna kujeru da yawan jama'a, birni zai kwashe rabon ƙauye. Na biyu, iyakokin nan sun bi tsarin hakimai da dagatai, taɓa su kuwa zai tayar da fitina irin ta rikicin masarautu. Na uku, ƙarin rumfunan zaɓe da aka yi a 2021 ya riga ya magance cunkoso. Na huɗu, zaɓen kansila ma suna ne kawai, saboda haka gyaran iyakarsa ɓata lokaci ne.

Ina girmama niyyarka, amma ban ga ko ɗaya cikin huɗun da ya isa ya sa mu naɗe hannu ba. Tsarin da kake so a bari yana da waɗanda yake cuta, kuma da yawansu manoman Bichi da Bagwai da Ɗambatta ne, waɗanda ka ce kana karewa.

Mu fara da inda iyakokin suka fito. An shata mazaɓun da muke zaɓe a kansu yau a 1996, zamanin Janar Sani Abacha, shekarar da ƙananan hukumomin Kano suka kai 44, na ƙasa baki ɗaya suka kai 774. Ƙidayar da ake da ita a hannu lokacin ita ce ta 1991, wadda ta ba Kano mutum kimanin miliyan 5.8. Ƙidayar 2006 ta ba ta miliyan 9.4. Kafin zaɓen 2023 kuma, waɗanda suka yi rajistar zaɓe a Kano sun haura miliyan 5.9. Ka duba wannan da kyau, Malam. Baligai masu rajista kaɗai sun fi dukkan mutanen jihar yawa, har da jarirai, a lokacin ƙidayar da aka gina mazaɓun a kanta. Amma har yau kujerun majalisar wakilai 24 ne, na majalisar dokokin jiha 40, mazaɓun kansila 484, kowacce a kan layin da aka ja mata kusan shekara talatin da suka wuce.

Masu wannan kira ba su zo da sabon abu ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ne ya faɗa. Sashe na 72 da na 113 sun ce a tsara mazaɓun tarayya da na jiha yadda yawan mutanen kowacce zai yi kusa da na sauran iya gwargwado. Sashe na 73 da na 114 sun ɗora wa hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, nauyin sake duba rabon lokaci-lokaci, kada tsakanin dubawa da dubawa ya gaza shekara goma, kuma sun ba ta damar yin haka bayan ƙidaya. Tun dawowar mulkin farar hula ba a taɓa kammala wannan aiki ba ko sau ɗaya. Wanda ya ce a yi shi, cewa ya yi a bi doka.

Kafin in shiga lissafi, akwai wani hoto da ke ƙarƙashin rubutunka wanda ya kamata a gyara. Kana magana kamar karkararmu daji ce mai ƙauyuka nesa da juna, wadda lissafin kai ba zai taɓa yi wa daɗi ba. Ƙasar da ke arewa da birnin Kano ba haka take ba. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kanta, saboda tana cikin karkara mafi cikar jama'a a wannan sashe na Afirka. Kowa ya bi hanyar Katsina ta Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko hanyar Ɗambatta zuwa Kazaure, ya san haka. Gona na manne da gona, gida na hangen gida, babu saurar da ake bari ta huta. Kowace shekara ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, takin dabbobi da toka ne ke riƙe da ƙasar. Ga noman rani a madatsar Watari ta Bagwai da ta Tomas a yankin Ɗambatta, ga kasuwar Badume, ga kasuwar hatsi ta Dawanau da fatake ke zuwa daga ƙasashen maƙwabta. Yankin da ya cika haka ba shi da dalilin gudun ƙidaya. Yawan jama'a shi ne ƙarfinsa.

Yanzu ga hujjarka ta farko, cewa birni zai cinye mu. Mu auna ta da ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe. Idan aka raba miliyan 9.4 gida 40, kowace kujerar majalisar jiha ta kamata ta wakilci mutum kimanin 235,000. Ƙananan hukumomi 13 na yankinmu, mazaɓar sanatan Kano ta Arewa, suna da mutum kusan miliyan 2.3. Rabonsu ke nan kujera goma, kuma kujera goma suke da ita yanzu. Da an yi gyaran bayan waccan ƙidaya, da yankinmu bai rasa komai ba. Inda gibin yake shi ne tsakanin Kano ta Tsakiya, wadda take da mutum sama da miliyan huɗu da kujera 14, da Kano ta Kudu, wadda take da kimanin miliyan uku da kujera 16. Tsoron da ka gina rubutunka a kansa, alƙaluman da muke da su ba su goyi bayansa ba.

Abin da alƙaluman suka nuna shi ne rashin daidaito a cikin gidanmu. Tun da ƙananan hukumomi 44 ne kujeru kuma 40, sai aka haɗa guda takwas bibbiyu: Bagwai da Shanono, Tsanyawa da Ƙunci wadda yanzu ake kira Ghari, Rimin Gado da Tofa, sai Kura da Garun Malam. Uku daga cikin huɗun nan a Kano ta Arewa suke. Bagwai da Shanono suna da mutum kimanin 300,000 a 2006, ɗan majalisa ɗaya. Tsanyawa da Ghari kimanin 270,000, ɗan majalisa ɗaya. Kabo kuwa, da mutum kimanin 150,000, tana da nata ita kaɗai. Haka Warawa, mai mutum kimanin 130,000. Ma'ana, muryar mutum ɗaya a Warawa ta fi ta mutum biyu a Shanono nauyi a zauren da ake yanke kasafin kuɗin jiha. Ba laifin mutanen Warawa ko Kabo ba ne, ba kuma ina cewa a ƙwace musu don a huce haushi ba. Amma wanda ya ce a bar abin haka, ya kamata ya je Shanono ya yi wa manomi bayanin dalilin da ya sa ƙuri'arsa ta zama rabin ta wani.

Na yarda cewa tun 2006 birni ya ƙara cika, kuma sabuwar ƙidaya za ta iya ba shi ƙarin kujeru. Ƙaramar Hukumar Nasarawa kaɗai tana da mutum kusan 600,000 tun a wancan lokaci, da ɗan majalisar jiha ɗaya. To amma su waye suka cika birnin? Ka shiga Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa ka tambayi mutane garinsu. Za ka ji Ɗambatta, Makoɗa, Bichi, Tsanyawa. 'Ya'yanmu ne da gona ta yi wa kaɗan, suka tafi ci-rani har suka zauna. Ba na jin adalci ne a ce ƙuri'ar mutum ta rage daraja don kawai ya koma Kurna neman abinci. Sannan birnin da kansa ya tsallako cikin Kano ta Arewa. Dawanau a Dawakin Tofa take. Janguza da Langel a Tofa suke. Gonakin da aka yanka filaye aka yi gidaje a waɗannan wurare, mutanen da ke cikinsu a lissafinmu za su faɗo idan an ƙirga su.

Inda abin ya fi ciwo shi ne mazaɓun kansila, kuma nan ne rubutunka ya wuce da sauri. Tofa, wadda ba ta cika mutum 100,000 ba a 2006, tana da mazaɓu 15. Bichi, mai mutum kusan 280,000, tana da 11. Ɗambatta, mai sama da 200,000, tana da 10. Dawakin Tofa, mai kusan 250,000, tana da 11. Kansilan Tofa yana wakiltar mutum kamar 6,500, na Bichi kuma kamar 25,000, kusan ninki huɗu. Wannan a 2006 ne. A cikin ƙaramar hukuma ɗaya ma haka abin yake. Mazaɓar Dawanau, da kasuwarta da sababbin unguwanninta, kansila ɗaya take da shi, daidai da mazaɓar da ba ta ga irin wannan kwararar jama'a ba. Rijiyar Zaki a Ungogo ta zama gari guda, amma a takarda mazaɓa ɗaya ce cikin goma sha ɗaya.

Za ka ce kujerar kansila ce kawai. Ba haka ba ne, Malam. A ƙasar nan mazaɓa ita ce mudun awo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma manufar da ake bi ita ce a samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Mazaɓa mai mutum 7,000 asibiti ɗaya, mai mutum 40,000 ita ma ɗaya, mace mai naƙuda ce za ta gane bambancin. A zaɓukan fid da gwani na 2022, manyan jam'iyyu sun ba kowace mazaɓa adadin daliget iri ɗaya, wato Tofa ta fi Bichi hannu wajen fitar da ɗan takarar gwamna. Shugabannin jam'iyya a mazaɓa ake kafa su. Idan taki ya zo, ko tallafin abinci, ko guraben ɗaukar aiki, sau da yawa mazaɓa-mazaɓa ake rabawa daidai wa daida. Duk lokacin da aka yi irin wannan rabo, mazaunin mazaɓar da ta cika shi ne ke komawa gida hannu rabbana. Wannan ba a birni kaɗai yake faruwa ba, a mazaɓun karkara irin su Saye da Danzabuwa da Fagwalawa ma yana faruwa.

Hujjarka ta biyu ita ce gargajiya. Ina ganin girman hakimai da dagatai da masu unguwanni kamar yadda kake gani, amma tarihi bai nuna cewa iyakokinsu a daskare suke ba. Kafin zuwan Turawa, hakimai a birni suke zaune, garuruwan da kowanne ke riƙe da su a warwatse suke. A farkon mulkin mallaka ne aka tattara su gunduma-gunduma, aka tura kowane hakimi ya zauna a ƙasarsa. Haka Madaki ya zauna a Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Ɗambatta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya sake fasalin mulkin karkara. A 1991 aka cire Jigawa daga Kano. Makoɗa daga jikin Ɗambatta ta fita, Tofa da Rimin Gado daga jikin Dawakin Tofa. Babu wanda ya daina gaishe da hakiminsa saboda haka. Iyakar 1996 gwamnatin soja ce ta ja ta, kuma ba ta fi waɗanda suka gabace ta tsarki ba.

Mutanenmu ma sun fi kowa sanin yadda ake sake iyaka cikin lumana. Duk lokacin da maigida ya rasu a wannan yanki, gonar gandu sai an raba ta. Malamai su yi lissafi, mai unguwa da dattawa su tsaya, a auna, a dasa gamba ko lalle a kan sabuwar iyaka, kowa ya san nasa. Rigima takan tashi ne idan aka ƙi rabawa, ko wani ya yi rabon a ɓoye. Haka mazaɓa take.

Batun masarautu da ka kawo ma wannan darasi yake koyarwa. A watan Mayun 2019 aka yi dokar da ta kafa masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano cikin 'yan kwanaki. A watan Mayun 2024 aka rushe su, nan ma cikin 'yan kwanaki. Kowa na da ra'ayinsa a kan wanda ya yi daidai, amma abin da ya haɗa biyun shi ne gaggawa da ƙarancin jin ta bakin jama'a. Abin da za mu koya shi ne kada a shata mazaɓu ta wannan hanya. Kuma mazaɓa ba sarauta ba ce. Raba mazaɓar Bichi gida biyu ba zai cire wa kowa rawani ba, kansila zai ƙara wa gari.

Hujja ta uku, ƙarin rumfunan zaɓe. Gaskiya ne a 2021 INEC ta ƙara rumfuna 56,872 a faɗin ƙasa, jimilla ta kai 176,846, na Kano suka tashi daga 8,074 zuwa 11,222. Aiki ne mai kyau. Amma rumfa wurin jefa ƙuri'a ce, ba wakili ba ce. Ko ka sa akwati ɗari a Bagwai da Shanono, ɗan majalisa ɗaya za su fitar. An rage tsawon layi, ba a gyara nauyin ƙuri'a ba. Labarin rumfunan ma ya fi ƙarfafa maganata. A 2014, lokacin Farfesa Attahiru Jega, hukumar ta so ta ƙara rumfuna kimanin 30,000, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan rabon Arewa da Kudu har aka dakatar. Bayan shekara bakwai aka dawo, aka zauna da jam'iyyu da ƙungiyoyi, aka kafa ƙa'idar da kowa ya gani, aka yi aikin, ƙasa ba ta kama da wuta ba. Abin da tsoro ya hana, shawara ta yi shi.

Hujja ta huɗu ita ce mafi nauyi, ba zan kuma raina ta ba. A zaɓen ƙananan hukumomi na 26 ga Oktoban 2024, jam'iyyar da ke mulki a Kano a lokacin ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 baki ɗaya. Gwamnatocin baya ma haka suka yi, kuma haka ake yi a kusan kowace jiha. Wannan cuta ce ta daban, tana bukatar maganinta. Amma kasancewar zaɓe ba ya inganta bai mayar da mazaɓa banza ba, tunda asibiti da taki da shugabancin jam'iyya duk a kanta ake auna su, ko an yi zaɓe ko ba a yi ba. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kawai za su riƙe su. Duk ranar da wannan hukunci ya tabbata a aikace, majalisar kansiloli za ta zama wurin da ake yanke inda rijiya da aji da kwalbati za su tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran mazaɓu kafin wannan rana ya kamata a yi shi.

Akwai haɗari na gaske wanda ka taɓo a gefe, kuma a kansa muna tare. Mai mulki zai iya amfani da shata iyaka ya tsaga garin da ba ya yi masa, ya tara magoya bayansa a inda za su amfane shi. Maganin wannan shi ne ƙa'ida a rubuce. Kundin tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ce a duba mazaɓu tsakanin shekara takwas zuwa goma sha biyu, ya kuma ƙayyade iyakar bambancin da za a yarda da shi: kashi 40 cikin ɗari ga birane da wuraren da jama'a ba su da yawa, kashi 30 ga sauran. Ghana ta ƙara mazaɓun majalisarta daga 200 zuwa 230 kafin zaɓen 2004, sannan zuwa 275 kafin na 2012. An yi gardama, an je kotu, aka yi zaɓe. Namu kundin ma, a sashe na 7, da yake magana a kan shata yankin ƙaramar hukuma, ya ce a kula da muradun al'umma na bai ɗaya da alaƙarsu ta gargajiya da sauƙin gudanar da mulki. Waɗannan ma'aunai sun dace da mazaɓa. Dagaci ɗaya kada a raba ƙasarsa ba da larura ba, ƙauyukan da ke cin kasuwa ɗaya su zauna tare, kada kogi ya raba mutum da hedikwatar mazaɓarsa da damina.

Saboda haka, maimakon a ce a bari, ga abin da ya kamata mu nema tare. A yi ƙidaya. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta, kuma babu gyaran da zai tsaya da ƙafarsa a kan alƙaluman 2006. Majalisar dokokin Kano ta yi dokar da za ta sa a duba mazaɓun kansila bayan kowace ƙidaya, ta faɗi yawan mutanen da mazaɓa ba za ta wuce ba. Jiha tana da hurumi a kan zaɓen ƙananan hukumominta. Legas tana zaɓen kansiloli a mazaɓu 376, alhali na INEC a can 245 ne. Gara dai a Kano hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, da INEC su yi aikin tare, don kada a samu taswira biyu. A buga taswirar da ake son yi da Hausa, a manna ta a ƙofar kowane hakimi da dagaci da sakatariya, a ba mutane watanni su kawo ƙorafi, kuma kada sabuwar iyaka ta fara aiki sai bayan wa'adin waɗanda ke kan kujera ya ƙare. Wakilanmu a Abuja kuma su tayar da maganar sashe na 91, wanda ya hana majalisar jiha wuce kujera 40. Shi ne ya sa jiha mai ƙananan hukumomi 44 ta haɗa Bagwai da Shanono a kujera ɗaya, alhali Bayelsa, mai mutum miliyan 1.7 a 2006, tana da kujera 24.

Malam, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kai da ni karkara ɗaya muke wa kishi. Bambancinmu shi ne kai kana ganin tsira a cikin ɓoye yawanmu a bayan layin 1996, ni kuma ina ganin haƙƙinmu ba zai fito ba sai an ƙirga mu an auna mu da mudu ɗaya da kowa. Idan awon ya ba birni ƙari, haƙƙinsa ne, 'ya'yanmu ne a ciki. Idan ya ba Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa ƙarin kansiloli, ya ba Shanono da Ghari murya cikakkiya a majalisa, haƙƙinsu ne da aka daɗe ana riƙe musu. Alƙalaminka yana da masu sauraro a yankin nan. Ina roƙonka ka yi amfani da shi wajen neman a yi aikin a fili, a kan ƙa'ida, da shawarar mutanen da abin ya shafa. Allah Ya sa mu dace.